Wuta, Kanwa Da Kwana Arba'in

'Yan uwana mata, duk wadda ta tashi a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba sai an nuna mata gidan da aka yi haihuwa ba. Tun daga ƙofar gida za ki ga tulin itace an jibge, da asuba kuma kafin ladan ya yi kira na biyu hayaƙi ya riga ya turnuƙe bayan ɗaki, ƙatuwar tukunya ko rabin duro na bisa murhu tana tafarfasa. In kin matsa kusa sai ki ji ƙamshin ganyen runhu ko na dogon yaro, ki ji ƙarar fyaɗa ruwa a jiki, wani lokaci har da 'yar ƙarar mai jego in ta fari ce, da muryar tsohuwa tana cewa, "Daure 'yar nan, haka aka yi wa uwarki." Wannan abu mun taso mun tarar da shi, har ba mu tambayar daga ina ya fito, ko me ake gudu da ake shan wannan wahala. Ni kuwa tambayar ce ta dame ni, shi ya sa na bi sawunta cikin abin da tsofaffi suka faɗa mani da abin da likitoci suka rubuta a kan matan ƙasar nan cikin shekaru sittin da suka wuce.

Abin da ake gudu dai kalma ɗaya ce: sanyi. A wajen kakanninmu, mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, kuma sanyi na laɓe yana jiran ƙofa. In ya shige ta, sai ƙafafu su kumbura, fuska ta haye, tari ya kama ta, ta riƙa haki, daga nan sai abin da Allah Ya yi. Saboda haka duk tsarin jego yaƙi ne da sanyi. Ruwan zafi safe da yamma don a gasa jiki daga waje. Gadon ƙasa wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa don ta kwana tana gasuwa. Kunun kanwa da yaji don a gasa ciki. Ƙauri da gasasshen nama don a mayar da ƙarfi. Kakata ta wajen uwa, mutuniyar Tsafe ce, ta ce a zamaninsu kwana arba'in ɗin nan na wanka sau biyu ne kawai, amma mai haihuwar fari takan ci gaba da yin sau ɗaya a rana har wata uku ko huɗu, kuma mijin da ya kasa kawo itacen wannan wanka ya zama abin faɗi a gari.

Al'adar ba ta jiya ba ce. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, an haife ta wajen 1877 a ƙasar da ke tsakanin Kano da Zariya, wadda ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A cikin labarin nata akwai wankan ruwan zafi, akwai kunun kanwa, akwai komawa gidan iyaye, tamkar yau take magana. Ke nan tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa a 1903 ana yin abin nan yadda muka san shi. Amma fa a lura, ba addini ne ya kawo shi ba. Abin da addini ya wajabta shi ne wankan tsarki idan jinin biƙi ya ɗauke, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, ba 40 ba. Babu inda aka ce sai ruwa ya tafasa, babu inda aka ambaci kanwa. Na faɗi wannan ne domin na sha jin ana tsorata yarinya da cewa in ba ta yi wankan jego ba sallarta ba ta karɓuwa. Wannan magana ba ta da tushe.

Ita kanwa kuwa baƙuwa ce a ƙasar Zamfara, ba a nan ake haƙo ta ba. Daga gabas take zuwa, daga ƙasar Manga da ke cikin Nijar ta yanzu da kuma gaɓar tafkin Chadi, akwai fara, akwai ja, akwai ungurnu. Fatake ne ke ɗauko ta a kan jakuna, su ratsa ƙasar Hausa da ita, wasu har Gwanja inda suke musanya ta da goro. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Gusau ya wuce Ƙauran Namoda a 1929, motocin ɗaukar kaya suka biyo baya, jakunan fatake suka huta. Yau kowace mai kayan koli a kasuwar Tsafe ko ta Bunguɗu tana da kanwa a faifai, da kuɗi kaɗan sai a cika miki hannu.

Kafin in shiga maganar likitoci, bari in yi wa tsofaffinmu adalci, domin wanda ya zage su bai san abin da suka gina ba. A zamanin da babu asibiti ko ɗaya tsakanin Gusau da Sakkwato, sun tsara cewa mace in ta haihu, kwana arba'in ba daka, ba niƙa, ba zuwa rijiya, ba turaka. Mai cikin fari a mayar da ita gaban uwarta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan gida. Mai haihuwa ta biyu ko ta uku a aiko mata da goggo ko inna ta zauna da ita. Ungozoma na zuwa safe da yamma. Dangin miji su kawo ƙauri, a yanka rago ran suna a ware wa mai jego nata kason. Ki duba da kyau, wannan hutu ne, da abinci, da kuma ido. Mace biyu ko uku da suka san haihuwa suna ganin jikinta tsirara sau biyu kowace rana, suna ganin irin jinin da ke zuba, suna jin numfashinta da dare. Ko a ƙasashen da suka ci gaba ba kowace mai jego ke samun wannan gata ba. Matsalar ita ce idon yana gani, amma duk abin da ya gani suna ɗaya yake ba shi.

A 1969 wani likita ɗan Birtaniya, Farfesa Eldryd Parry, ya zo asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin yana Tudun Wadan Zariya. Shi da abokin aikinsa Dokta Neil Davidson sai suka lura da wani abu da ba su saba gani ba a ƙasarsu. Ana ta kawo mata masu jego, wata sati uku da haihuwa, wata wata biyu, duk da kama ɗaya: ƙafa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya sai a zaune. In an auna sai a tarar zuciya ce ta gaza. Cikin shekara uku kacal, daga 1969 zuwa 1972, suka tara mata 224 masu wannan ciwo. Da suka duba ƙabilarsu, 96 cikin 100 Hausawa ne ko Fulani, alhali a cikin sauran matan da ke kwance a sashen, Hausawa da Fulani 58 ne cikin 100. Sannan suka lura an fi kawo su a watan Yuli, lokacin da damina ta kankama, ga zafi ga laima, gumi ba ya bushewa a jiki.

Sai suka shiga gidaje suka ga wanka, suka ga gadon wuta, suka auna kanwa. Suka tarar kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wato dai abin da ke cikin gishirin miya. A 1974 suka fitar da bayaninsu, kuma bayanin mai sauƙin ganewa ne. Gishiri in ya yi yawa a jiki yana riƙe ruwa, jini ya ƙaru, zuciya ta sami ƙarin kayan da za ta tura. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, ya sa zuciya ta ƙara gudu don ta sanyaya jiki. Ga mace ta gama ɗaukar ciki wata tara, ta zubar da jini, watakila da ma jininta bai cika ba. Aka ɗora mata gishiri daga ciki, wuta daga waje, kwana arba'in babu hutu. Jakin da ya dawo daga Gwanja a gajiye aka sake labta masa kaya, me zai hana shi durƙushewa?

Abin da ya fi tsaya mani a rai cikin wannan labari shi ne tarkon da ke cikinsa. Alamar farko ta gazawar zuciya ita ce kumburi da haki. A wajen tsofaffi kuma alamar shigar sanyi ita ce kumburi da haki. To da zarar ƙafar mai jego ta tasa, me za a ce? "Sanyi ya shige ta, wankan bai karɓe ta ba." Sai a ƙara itace, a ƙara kanwa a kunu, a hana ta sauka daga gadon wuta. Wato maganin da ake ƙarawa shi ne ke ƙara ciwon, kuma masu ƙarawar su ne waɗanda suka fi kowa son ta.

Na ga wannan da idona ina budurwa, a kan ɗiyar goggona da aka aurar wani ƙauye a yammacin Tsafe. Haihuwarta ta uku ce, an yi suna lafiya, mun ci tuwo mun watse. Bayan kamar kwana ashirin aka aiko wai ba ta jin daɗi. Da muka je da Inna muka tarar da ita zaune a gefen gado ta jingina da bango, zobe ya nutse a yatsa, in ta yi magana sai ta tsaya ta ja numfashi a tsakiyar kalma. Surukarta, baiwar Allah, ita ke ta hidima, ta ce wa Inna, "Wallahi Yaya tun shekaranjiya na mayar da wankan sau uku, kunun ma na ƙara masa ungurnu, amma sanyin nan ya ƙi fita." Inna ba ta yi boko ba, amma ta taɓa jinyar wata a Zariya. Ta ce a nemo mota. Aka yi ta ja-in-ja wai mai jego ba ta fita kafin arba'in, har sai da mijin ya dawo daga gona ya yanke magana. A Gusau aka kwantar da ita, aka ba ta maganin da ke sa fitsari, aka hana ta gishiri da kanwa, cikin kwana biyar ƙafar ta saɓe har zoben ya fita. Ta rayu, ta aurar da wannan jaririyar ma. Amma har yau tana shan maganin hawan jini, kuma likita ya gaya mata a gaban mijinta cewa wani cikin yana iya tafiya da ita.

Bayan binciken Zariya, shekaru da dama magana ɗaya ce a bakin likitoci da ma'aikatan jinya: ku daina wankan jego, ku daina kunun kanwa. Aka faɗa a rediyo, aka faɗa a wajen awo. Tsofaffi kuma suka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, mu da aka yi mana ga mu da ranmu. Kowa ya ja tunga. Ana cikin haka gadon ƙasa ya fara ɓacewa da kansa, ba don wa'azin likita ba, sai don gadon ƙarfe da katifa sun shigo ɗakin amarya. A birni tsawon wanka ya ragu domin itace ya yi tsada. To amma ciwon bai tafi ba. A 2007 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, Isezuo da Abubakar, suka buga lissafinsu: mace 1 cikin kowace haihuwa 102 a asibitin tana kamuwa da wannan ciwon zuciya. A Amurka da Turai sai an yi haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu huɗu kafin a sami ɗaya.

A nan ne labarin ya juya. Tun a 1992 wasu likitoci a Yamai suka auna jinin matan da ke da wannan ciwo suka tarar suna da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam, wanda jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga abinci, kuma an riga an san rashinsa ya taɓa haddasa ciwon zuciya a wani yanki na ƙasar Sin da ake kira Keshan. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya ɗauki maganar. A 2015 shi da abokan aikinsa suka sami irin wannan ƙaranci a matan Kano. A 2020 kuma suka fitar da babban bincike da ya haɗa asibitoci daga sassan Nijeriya, da mata 406 masu ciwon. Aka tabbatar Arewa maso Yamma ta fi ko'ina, a Kano har 1 cikin haihuwa 96. Amma da aka kwatanta masu ciwon da masu jegon da ke lafiya, sai aka ga su ma masu lafiyar suna wanka suna shan kunu. Abin da ya bambanta su shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da kuma hawan jinin da ke zuwa da ciki. A taƙaice dai, talauci da yunwa da rashin awo.

Kada wata ta ji wannan ta ce ashe an wanke kanwa. Ba a wanke ta ba. Duk likitan zuciya a duniya zai gaya miki cewa zuciyar da ta raunana ba ta son gishiri, haka mai hawan jini. Ruwan da ya tafasa kuma har yanzu yana ƙona mata, likitocin fiɗa a Zariya sun rubuta labarin waɗanda aka kawo masu da ƙuna a gadon baya da cinyoyi da ƙirji, wasu ma a al'aura. Abin da binciken Kano ya nuna shi ne ba tsohuwa mai tukunya ce kaɗai ke da laifi ba. Ni a ganina an daɗe ana yi wa tsofaffi faɗa saboda su ne masu sauƙin yi wa faɗa. Maigidan da ya sayi itace amalanke biyu, ya sayi rago mai ƙaho, aka fitar da anko, aka ɗauko masu kiɗa, amma wata tara matarsa na ɗauke da ciki bai taɓa shigo mata da ƙwai ko kifi ko hanta ba, bai bar ta ta je awo ko sau ɗaya ba, shi wa ya yi masa faɗa? Mu ma mata da namu. Sau nawa aka soya naman suna aka rarraba wa dangi a leda, mai jego ta tashi da wuya da ƙashi?

Maganar awo ma ba sabuwa ba ce. A wannan asibiti na Zariya, Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Jihar Ribas, ya bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su. Kuma ya nuna macen da ta yi makaranta, ko da kaɗan ne, ta fi tsira nesa ba kusa ba.

Mu dawo gida. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, ba wanda zai iya faɗin mata nawa ke mutuwa wajen haihuwa a ƙauyukanmu, domin wadda ta rasu a ɗakinta ba ta shiga littafin kowa. A 2009 aka kafa wata cibiyar ƙidayar lafiya a Nahuce, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, tana bin gundumomi shida, ciki har da Gada da Karakai da Rawayya. Dabarar da suka yi mai ban tausayi ce: suka bi mata gida gida suna tambayar kowace, 'yan uwanki mata nawa ne uwa ɗaya, nawa suka rasu, a cikin waɗanda suka rasu nawa ne da ciki ko wajen haihuwa ko cikin jego? Mata 17,087 suka amsa. Suka lissafa 'yan uwa 38,761, a ciki 3,592 sun rasu, kuma 1,261 daga cikinsu ta dalilin haihuwa ne. Da aka buga sakamakon a 2012, lissafi ya kama mace 1,049 cikin kowace haihuwa 100,000. Wato a cikin kowace mace uku daga cikin 'yan uwan nan da suka rasu, ɗaya haihuwa ce ta kai ta. Ba a wata ƙasa ba, nan Bunguɗu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Gusau.

Ba ciwon zuciya ne kaɗai ya kwashe su ba. Akwai sauran abubuwan da mu ma muka ba su sunan da ke kwantar da hankali. Jini in ya ɓalle sai a ce dattin ciki ne ke fita, a bar shi ya fita. Alhali a wajen likitoci rabin lita ne iyaka cikin kwana ɗaya, wato cikin ledar ruwan sha guda. In zane ya jiƙe sharkaf aka canza ya sake jiƙewa cikin awa, ko guda-guda na faɗowa, ko ta miƙe ta ga jiri, ba datti ba ne, rai ne ke zuba. A kan wannan wata 'yar uwarmu ta yi abin alfahari: Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka buga a 2023. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashi don a daina kintace da ido, da jini ya kai layi sai a haɗa magunguna gaba ɗaya a lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Zazzaɓi mai zafi da ciwon mara da jini mai wari, shi ma sanyi ake ce masa, ko a ce ruwan nono ne ke zuwa. Wannan ciwo ya taɓa cinye matan Turai kamar annoba, har a 1847 wani likita mai suna Semmelweis a birnin Biyana ya gane hannun likitoci ne ke ɗauko shi daga gawa zuwa mai naƙuda. Ya tilasta wanke hannu, mutuwa a sashensa ta faɗo daga kusan 18 cikin 100 zuwa kimanin 2. Ƙwayoyin cuta ne, suna shiga ta hannu marar tsabta, ko tsumma, ko reza, ko guntun mabiyiya da ya maƙale, kuma ruwan zafi ba ya kai wa inda suke. Sai kuma jijjiga, wadda ake ɗora wa iska a kira mai ruƙiyya ko a yi hayaƙi. Mata da yawa sun ɗauka in an haihu an tsallake ta, alhali tana iya zuwa bayan kwanaki, kuma tana aiko da saƙo: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki, fuska ta kumbura. Hawan jini ne. A 2008 aka fara ba da wata allura mai araha, magnesium sulphate, a asibitoci 10 na Jihar Kano, masu mutuwa cikin masu jijjiga suka ragu daga kusan 21 cikin 100 zuwa kimanin 2. Akwai kuma wadda za ta daina barci, ta riƙa kuka ba dalili, ko ta ƙi jaririnta, ko ta fara sambatu. A ce mayu, a ce kishiya. Shi ma ciwo ne da ke da magani, kuma ba a barin irin wannan ita kaɗai da jariri a ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego sau huɗu: cikin kwanan farko, a kwana na 2 zuwa 3, tsakanin kwana 7 da 14, sannan a sati na 6. Ki lura, uku daga ciki suna faɗowa ne a lokacin da al'ada ta ce ba ta leƙa ko zaure. Ita dokar kulle an yi ta ne don a hutar da mace daga rijiya da gidan biki, a zamanin da babu inda za a kai ta in ta fita. Yanzu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin mata da yara na Sarki Fahad, akwai babban asibiti a Tsafe da Bunguɗu. Sai dai wata sabuwar doka ta zo wadda ta fi ta tsofaffi tsanani. Tun da 'yan bindiga suka addabi jihar nan, akwai ƙauyukan da in magariba ta yi ba direban da zai tayar da mota ko nawa za a ba shi. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni, ba halin ko kiran mai babur. Saboda haka a ƙauye alamar da aka gani da hantsi ba a jira da ita a ga yadda za ta kwana.

A cikin Gusau kuma wani abu nake gani da ke ba ni tsoro fiye da tukunya. Amaren yanzu da yawa suna gidan haya su kaɗai, uwa na nesa, goggo ta zo ta yi kwana bakwai ta koma don ita ma tana da nata. Yarinya ta dafa ruwanta a kan gas, ta dama kunun da ta saya a ƙulle, ranar kwana goma ta koma wanki da girki. An riƙe wuta da kanwa, an saki hutun da idon. In numfashinta ya canza da tsakar dare, babu tsohuwar da ke kwance a tabarma kusa da ita da za ta ji.

Likitocin zuciya suna da wata tambaya da suke fara yi wa mai jego in an kawo ta, kuma ba ta buƙatar na'ura, ke ma kina iya yi wa ƙanwarki ko maƙwabciyarki in kin shiga barka. Sukan ce, da matashi nawa kike kwana? Wadda da take kwana da ɗaya, yanzu sai ta tara uku, ko ta koma kwana a zaune, ko takan farka firgigit cikin dare tana neman iska a bakin taga, to ruwa ne ya fara taruwa a huhunta. Daga nan sai su danna yatsa a ƙaurinta su ƙirga zuwa biyar, su ɗaga, su duba ko ramin ya zauna.